Tsohuwa a Gindin Bedi

Shekara tara tana gindin bedi,
ƙofar gidanmu, Daura, hanyar Zango.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
zanzaro ya gina ɗaki a madubinta,
taya uku sun gurfana kamar raƙumi,
ta huɗu na kan dutse tana jiran hukunci.

Motar Baba ce, malamin dabbobi.
Da ita ya bi ruga ruga da allurar shanu,
inda hanya ke ƙarewa ta bar ka da sawun awaki.
Ƙafa huɗu take ja in rairayi ya yi gardama.

Na kira Sallau bakanike.
Ya zagaya ta sau biyu, bai ce uffan ba,
ya shige ƙarƙashi, sai tafin ƙafarsa a waje.
Daga can muryarsa ta fito da tsatsa:
“Ƙashin bayan lafiya lau, ƙarfen da ne.
Sauran kuwa, Malam, nemi wuri ka zauna.”

Na zauna. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa:
sabon sifirin, a ɗaga ta taki guda,
tayoyi masu haƙora irin na kada,
lagireto, kuloci, igiyar ja a goshi,
akwatin giya sai an cigita a Kano,
shi ma in an dace.
Da ya ja layi ya haɗa jimla
sai ga bijimi biyu da ɗan maraƙi
tsaye a ƙasa suna kallona.

Uwale ta ji daga bayan ƙyaure.
“Ɗakin yara na yoyo tun bara,
kai kana ɗinkin tsumma da alharini.
Babur ɗin Ila zai kai ka inda za ta kai ka
da lita biyu, ya dawo da canji.”
Ban tanka ba. Gaskiya ba ta da makama,
ta ina zan kama ta in kayar?

Da dare na shiga, na rufe ƙofar da igiya.
Sitiyarin ya sha hannu har ya yi santsi,
daidai inda yatsun Baba ke kwana.
A aljihun gaba, ƙarƙashin kashin ɓera,
ga wani ɗan littafi, mai ya cinye gefensa.

“An sa kuloci. Kuɗin taki ya tafi.”
“Birki kuma. Anya ba zan sayar ba?”
“Ta kafe a fadama, shanu shida suka ja ta.
Na ji kunya gaban Arɗo.”
Shafi bayan shafi, mita ce zalla.
Ashe tambayar ma gado na ci.

Can kusa da ƙarshe, da jan biro:
“Marka. Gulbi ya kawo. Matar Arɗo na naƙuda.
Mun haye. Mace aka samu.”
Bai rubuta kuɗin man ranar ba,
shi da ko ƙusa sai ya rubuta.

Da safe na ce wa Sallau:
“Bar igiyar goshi, bar ɗaga ta sama,
tsohuwa ba ta rawa da takalmin amarya.
Ba ta huhu, ba ta ƙafa, ba ta birki.
Maraƙin zan iya. Bijiman na rufin ɗaki ne.”
Ya ce rabin gyara ne. Na ce rabin kuɗi gare ni.

Ya tsiyaya mai a maƙogwaronta,
ya aro batir a motar Nababa,
yaran unguwa suka dafa bayanta.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari,
ta tofar da baƙin hayaƙin shekara tara,
kaji suka watse suna tsine mana.

Uwale ta leƙo, hannu a ƙugu.
Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma koma ciki ba.

Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?
Sallau bai sani ba, ni ma haka.
Gulbi ne alƙali, kuma sai marka yake zama.
Na dai sayi sabon biro.
Littafin da sauran shafi bakwai.